Inna Saude da Irin Kabewarta

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran surukata, Inna Saude, a gidanta da ke Kwanyawa, bayan jinyar da ta faro tun bazara. Inna, kin tafi a farkon kaka, lokacin da kika fi so a duk shekara.

Na shigo gidanki ina amaryar ɗanki Ashiru, 'yar birni mai ji da kanta, wadda ta san kabewa a yanke kawai a faifan mai kayan miya. Ba ki yi mini dariya ba sai da na iya. Ke kika nuna mini a ƙwanƙwasa ta a ji sautinta kafin a tsinka, kuma a bar mata karanta don kada ta ruɓe. A hannunki na koyi miyar taushe: kabewa ta narke tukuna, sannan gyaɗa da daddawa, yakuwa da alayyafo daga ƙarshe. Da yamma kikan dafa ta da mazarƙwaila, ki raba wa duk wanda ya yi sallama. Ranar da Ashiru ya nuna miki a waya yadda mutanen wasu tsibirai da ake kira Karibiyan ke dafa tasu da madarar kwakwa, kin daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Wannan ai tamu ce ta tafi ci-rani." Washegari kika sa aka nemo kwakwa daga Karaye. Kin ci, kin yaba, amma kin ce gyaɗa ba ta yi miki laifin komai ba.

Kabewarki daban take, mai dogon wuya da zane fari-fari, cikinta ja kamar manja. Irinta kika taho da shi daga Falgore a cikin kayan aurenki, daga hannun mahaifiyarki. Ba kya sayarwa, kyauta kike yi, amma da doka guda: a ci tsoka, a dawo miki da 'ya'yan. Kikan wanke su, ki shanya, ki cuɗa da toka, ki zuba a gora ki rataye a madafi. Mun sha tsokanarki a kan haka. Mace ta ba da kabewar da sai an ɗora wa mutum a ka, amma ta aika a karɓo 'ya'yanta! Kikan ce mu yi ta dariya, ke kin san abin da kike tsaro.

Bana kina asibiti a Kano ruwan farko ya sauka. Rufin madafi ya yi yoyo, goran ya jiƙe, ba wanda ya lura. Da muka dawo da ke, duk irin ya yi baƙi. Mun shuka abin da muka tsinta, ko ɗaya bai tsiro ba. Ban taɓa ganin kin yi kuka saboda ciwo ba, Inna, amma ranar kin juya fuskarki bango kika ce, "Irin uwata ya ƙare a hannuna." Mun ba ki haƙuri, kin ce ba komai, amma har kika rasu idonki na kan dangar da kabewar ta saba yaɗo a kai. Wannan maganar ta tsaya mini a rai fiye da komai.

Ranar sadakar uku, ana zaman makoki, sai ga aminiyarki Khadijatu, Bafulatanar da ta yi shekara da shekaru tana kawo miki nono daga Fulatan. Ta sauke ƙwaryarta, babu nono a ciki. Kabewa ce mai dogon wuya da zane fari-fari. Ta zauna ta rufe fuska da mayafi.

"Fauziyya, ku yafe mini a madadinta," ta ce da ni. "Ban taɓa mayar mata da 'ya'yan duka ba. Bayan rugarmu cike yake da ita. Da na san irin nata ya lalace, wallahi da tun da damina na zo."

Muka yi kuka, muka yi dariya, muka sake kuka. Da muka fasa ta, cikinta ja kamar yadda kika bar shi. Da ita muka yi taushen da masu gaisuwa suka ci a ranar.

Allah Ya jiƙanki, Inna Saude, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya ciyar da ke daga lambunan Aljanna kamar yadda kika ciyar da mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina Ashiru, da ƙannensa Sadiƙa da Muntaka, da danginki na Falgore, da Khadijatu wadda ta yi rashin 'yar'uwa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

'Ya'yan kuwa na wanke su, na shanya, na cuɗa da toka. Suna rataye a madafinki, an gyara rufin. Irin mahaifiyarki bai ƙare a hannunki ba, Inna.