Jin Gishiri

Yayata mai dafa abinci ce a wata masana'antar takalma, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe faranti a layin cin abinci ya san ta. Su dai Mai Ludayi suke ce mata. Ni Yaya nake cewa, ita kuma har gobe Auta take kirana, alhali na aurar da 'ya. Mace ce mai jiki da murya, in ta ce miya ta yi, to ta yi, ko manaja ba ya ja da ita. Tunda nake ban taɓa ganin ta auna gishiri da cokali ba. Ta ɗebo da hannu ta watsa, ta kai ludayi baki, shi ke nan.

Ido ne ya so ya durƙusar da ita. Yanar ido ta fito mata a duka biyun, a hankali a hankali, har ta kai da lalube take neman wuƙa. Ta ɓoye wa kowa, sai ranar da ta antaya sukari a tukunyar wake a zaton gishiri ne. Manaja ya kira ta ya ce, cikin ladabi, ko dai a gyara idon ko ta huta a gida. Yaya ta huta a gida? Ai gara ka ce mata ta shiga kabari.

Ni na raka ta asibiti. Likita ya ce aikin ba wuya, amma ba zai taɓa idon ba sai sukarin jininta ya sauka, don ciwon ba zai warke da kyau ba. Ya ce ta rage ci, ta riƙa motsa jiki, ta kuma riƙa rubuta komai. Da muka kai ƙofar gida, sai ta dube ni ta ce:

"Auta, wannan abin da kike yi a ofis, mai gida-gida kamar tagar kurkuku, shi za ki koya mini."

Jadawalin kwamfuta take nufi, wanda nake jera kayan da ke shiga da fita a kamfanin jigilar da nake aiki. Na ce haba Yaya, littafi da biro ma sun isa. Ta ce rubutun biro ba ta gani, na kwamfuta kuwa ana kumbura shi. Dole na yarda.

Muka zaro tsohuwar kwamfutar ɗanta daga ƙarƙashin gado, muka kaɗe ta. Na buɗe mata shafi, na ƙara girman haruffa har kowace kalma ta cika rabin allo. Ita ta raɗa wa layukan suna: Rana, Abin da na ci, Tafiya, Galan, Sukari, Nauyi. Galan ɗin nan na man girki ne da ya ƙare, take cika biyu da ruwa tana ɗagawa a bayan kicin, masu wanke-wanke suna leƙe suna ƙunshe dariya. Tafiya kuwa, tun kafin a buɗe ƙofar masana'anta take zagaye katanga da takalmin roba, tana haki kamar tsohon injin markaɗe.

Koyarwar ba ta yi daɗi ba, gaskiya. Ni ba ni da haƙuri, ita ba ta son gyara. Da yatsa ɗaya take bugawa, hancinta na gogar allo, in ta goge layi bisa kuskure sai ta ce kwamfutar ce munafuka. Amma ba ta taɓa tsallake rana ba. Ko rabin ayaba ta ci sai ya shiga. Ranar da jikarta ta tura mata alawa a baki, ta rubuta, har da ƙarin bayani wai "tilas aka yi mini". Cikin ɗan lokaci ta iya sa gidan sukari ya yi ja in ya hau, ya yi kore in ya sauka, ko da yake ita duk toka-toka take ganinsu, sai ta tambaye ni.

Nauyi ya fara sauka, zani ya fara yi mata yawa. Sukari kuwa ko gezau. Ja, ja, ja, har na tsani kalar.

Da muka koma asibiti, wata nas ta duba takardar da na buga, ta taɓe baki ta ce, "Mama, ai takarda ba ta cin abinci. Abin da kike ci a ɓoye shi za ki rubuta."

Kai! Na miƙe zan wanke ta tas, Yaya ta damƙe hannuna. Wannan matar da ko kan gishiri ba ta taɓa ƙarya ba za a ce tana ci a ɓoye? Na yi ta masifa har cikin mota. Ita kuwa na san maganar ta soke ta fiye da ni.

Washegari da yamma ta kira ni. Na same ta ta tasa kwamfuta a gaba.

"Jera mini su ta ranaku," in ji ta. "Ranakun aiki gefe, na hutu gefe. Karanto mini kalolin."

Na jera. Abin mamaki, ɗan koren da ake da shi duk a ranakun hutu yake da safiyar da ke biye. Kuma a ranar hutun ne ma take ɗan sake jiki ta ci da yawa. Muka kalli juna.

"To aljani ne a kicin ɗin?" na ce.

"Gobe ki zo ki tsaya a kaina," ta ce. "Kada ki yi magana, ki dai kalla."

Na ɗauki hutu na je na zauna a kan buhun albasa. Kicin ne mai manyan tukwane, kowace sai ta ɗauki yaro. Tun ba a je ko'ina ba na gane. Ta kai ludayin shinkafa baki ta ji ko ta nuna. Ta kurɓi shayin ma'aikata ta ji sukari, ta ƙara, ta sake kurɓa. Miya, taliya, dankali, wake, kowace tukunya sai ta bi ta kanta, wata ma sai ta koma mata. Kuma ludayin Yaya ba ƙarami ba ne. Kafin azahar na rantse ta ci abincin ƙato guda a tsaye.

Na ce, "Yaya, wannan fa? Ba ki rubuta shi."

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Wanne? Ai wannan ba ci ba ne. Jin gishiri ne."

Sai kuma ta tsaya cak, ludayi a hannu. Na ga maganar ta koma mata ciki. Ta zauna a kan kujerar roba ta yi dariya har da hawaye, tana cewa ashe nas ɗin nan da gaskiyarta, a ɓoye take ci, har ita kanta ta ɓoye wa.

A ranar ta ƙara layi na bakwai, ta sa masa suna Jin gishiri. Amma abin da ya sa nake sara mata na gaba ne. Harshen nan shi ne taƙamarta, da shi ta yi suna. Ta ajiye shi. Ta buɗe sabon shafi na tukwane, ta sayo ɗan sikeli, ta riƙa auna abin da hannunta ya ɗebo kafin ta watsa, tana rubutawa: tukunya kaza, ruwa kaza, gishiri kaza. Ɗanɗano kuwa ta miƙa wa abokiyar aikinta Doguwa, wadda Yaya ta daɗe tana cewa harshenta na katako ne. Makon farko ma'aikata suka yi ta ƙorafi, wani ya ce yau miya ta yi lami, wani ya ce ko Mai Ludayi ta tsufa ne. Tana tsaye tana ji. Na san abin ya ci mata rai, don ta gaya mini ranar nan saura kaɗan ta jefar da sikelin ta taga. Ta dai gyara lambobinta ta ci gaba.

Sannu a hankali kore ya fara cin ja. Kullum da yamma sai ta kira ni a waya, ko gaisuwa babu: "Auta, zo ki gaya mini kalar."

Da muka koma, nas ɗin nan ce dai. Ni na sha kunu, Yaya kuwa har da yi mata godiya. Likita ya duba gwajinsa, ya duba takardarmu, ya sa ranar aiki.

Ina gefen gadon lokacin da aka cire mata bandejin idon dama. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta kalli labule, ta kalli hannunta. Sannan ta juyo ta zuba mini ido, ta daɗe, har na tsargu na fara gyara ɗankwali.

"Auta," ta ce a hankali, "yaushe kika yi furfura?"

Shekaru ke nan da furfurar nan ta cika mini goshi. Ashe duk tsawon lokacin nan fuskata ta shekarun baya take gani. Ni da na zo da niyyar tsokanarta, sai na kifa kaina a cinyarta na fashe da kuka kamar yarinya. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa kaina.

Can ta ce, "To ya isa haka. Ɗauko kwamfutar, ba mu rubuta na yau ba, kuma saura idon hagu. Ki rage girman rubutun nan, ni zan duba kalar da kaina."