Sunan da Maigadi Ya Ƙi Faɗa

Shekarar da na fara aikin akawu a wani gidan burodi a Gwallameji, mai gidan ya gano ana biyan albashi ga wasu sunaye da babu masu su. Ya ce daga ranar ba a ƙara ba kowa kuɗi a hannu, sai ta banki. Ya ba ni fom in cike wa kowane ma'aikaci: cikakken suna, ranar haihuwa, katin ɗan ƙasa, lambar asusu, sunan magaji, sai lambar waya a ƙarshe. Wanda bayanansa suka ƙi haɗuwa in ja masa jan biro, ranar Juma'a ya kama gabansa.

Ni kuwa dama ba ni da saurin yarda da mutum. Duk wanda ya zauna gabana, kallon ɓarawo nake masa.

Maigadinmu dattijo ne, Bafulatani, kullum daga Gubi yake zuwa. Ya miƙo mini lambar asusu a guntun takarda. Da na duba a waya, sunan da ya fito ba nasa ba ne.

Na ce, "Baba, asusun wa ne wannan?"

"Na yaron nan ne. Shi ne kuma magajin."

"Wane yaro? Faɗi sunansa."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Na karanto sunan da ƙarfi, na ce shi ne ko ba shi ba? Ya kau da fuska ya ce, "'Yata, ki rubuta kawai."

Raina ya ɓaci. Mutum ya kasa faɗin sunan wanda zai karɓi albashinsa? Ai haɗin baki ne. A gabansa na ja masa jan biro, na ce ya tashi.

Da yamma a gida, a Ƙofar Ran, ina ba Inna labari har da alfahari, tana tsintar shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke tun da kike, kin taɓa jin sunan yayanku a bakina?"

Ashe yaron nan ɗan farin maigadin ne, kunya ce ta hana shi faɗin sunansa. Ni da na tashi a cikin wannan kunyar, zargi ya rufe mini ido.

Washegari na shiga keke da sassafe don in gyara. Na tarar da makullansa da tocilarsa a kan teburina, maigadin bai jira Juma'a ba. Na jawo fom ɗinsa in kira shi in ba shi haƙuri. Gurbin lambar waya fayau yake, na kore shi kafin mu kai wurin.