Layin da Na Ƙara wa Malam Rabe

Shekara talatin da huɗu Malam Rabe ya yi yana koyar da Alƙur'ani a wani zaure a Hayin Banki. A gabansa na sauke, haka ma mahaifina. Gidan ba nasa ba ne, wani attajiri ne ya ba shi ya zauna. Da attajirin ya rasu, magada suka sayar, suka ba Malam wata biyu ya tashi, shi da matarsa Inna Kande.

Ana cikin haka wata makarantar kuɗi a Unguwar Sarki ta nemi malamin hadda, kuma za su ba shi ɗakin zama. Sharaɗinsu ɗaya, a kawo takardar tarihin aiki, wadda ake kira si-bi. Ni kuwa sana'ata ke nan, ina da shagon buga takardu.

Malam ya zo mini da takarda rubuce da ajami. Na karanta, raina ya ɓaci. Babu komai a ciki sai sunayen malamansa: wane ya karanta a wurin wane, har mutum bakwai, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Na ce, "Malam, aikinka suke son gani. Mutum nawa suka sauke a hannunka?"

Ya ce, "Humaira, abin da aka yi don Allah ba a ƙirga wa mutane shi."

Na yi magiya har na gaji. Malam akwai taurin kai, Allah Ya gafarta masa. Da ya fita sai na ce a raina, ai ba ya karanta Turanci. Na tuntuɓi tsofaffin ɗalibansa, na haɗa lissafi, na ƙara layi ɗaya: mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun sauke a gabansa.

Ranar ganawa shugaban makarantar ya karanta layin a gaban kowa, ya fassara, aka yi ta masha Allah. Nan take suka ce an ɗauke shi. Malam ya yi godiya, ya ce ba shi ya rubuta wannan ba, don haka ba zai karɓi aikin ba, ya sa takalmansa ya fito.

Shagona ya wuce kai tsaye. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "'Yata, guzurin da na ɓoye don kabarina kika kai kasuwa."

Na ce, "Malam, ai ba ƙarya na rubuta ba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ya yi mini ciwo."

Da wa'adin ya cika suka koma ƙauyensu a wajen Zariya. Bai shekara ba ya rasu. Har yau ina bugun si-bi, ina yi wa matasa faɗa su daina ɓoye abin da suka iya. Amma takardar ajamin nan tana cikin durowata, kuma ban taɓa iya buɗe ta a gaban mutane ba.