Jan Gefen Takarda

Motimaya Shakya ta shekara arba'in da uku tana naɗe takardu a unguwarmu ta Patan. Mijinta maƙerin tagulla ne mai zuba mutum-mutumin Buddha, ita kuwa aikinta cika cikin kowanne. A gidansu ba a rufe gindin mutum-mutumi sai an cusa masa siraran takardu masu addu'o'i cikin Sanskrit, tsohon harshen addininmu. Kowacce ana naɗe ta kamar tabarma, a shafa ja a gefen da kan haruffa yake, domin kalmomin su tsaya daidai. In suka kife, ana ganin albarkar ta juya baya.

Ba ta iya karatu ba. Mijinta ke shafa jan, ita ta naɗe.

Ni malamin makaranta ne a unguwar, na iya karanta Sanskrit. Na taɓa ce mata, "Yaya, da za a rubuta su da harshenmu na Newari, ai da an karanta miki kin san abin da kike naɗewa."

Ta ce, "Kai da ka san kalmar karuna ta cikin addu'ar na nufin tausayi, Malam, ɗalibanka da suka sha bulalarka sun shaida? Da waɗannan kalmomi aka ba kakanninmu addu'ar, da su za mu mayar da ita."

Mijin ya rasu bayan ya zuba mutum-mutuminsa na ƙarshe, kafin ya shafa jan. Kunya ta hana ta neman taimako, ta shafa bisa zato. Ɗanta Punyaraj ya rufe gindin, mai addu'ar unguwa ya tsarkake shi, aka ajiye a ɗakin ibada da sunan mamacin.

Daga nan shakka ta kama ta. Kwana bakwai ko shinkafa ba ta iya haɗiya.

Buɗewa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai mai addu'a ya cire ran da aka sa wa mutum-mutumin ranar tsarkakewa, ya ajiye shi cikin tulun ruwa tukuna, kuma maƙwabta duk za su ji dalili. Punyaraj ya ce, "Inna, wa zai leƙa cikin tagulla?"

Ta ce, "Ubanka bai taɓa kife ko ɗaya ba. A nasa zan fara?"

Aka buɗe, aka kira ni in duba. Takardu tara ne, uku a kife. Na so in rage adadin, amma idonta na kan bakina, sai na faɗi gaskiya.

Ta ce, "Uku kacal? Ashe ni makauniyar karatu na yi ƙoƙari."

Na shafa jan inda ya dace, ta zauna naɗewa. Ta ce in riƙa karantawa a bayyane. A wannan ranar ta fara jin sautin abin da hannunta ya daɗe yana ɗauka. Da na kai ƙarshen ta farko, na tambaya ko in fassara mata.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Karanta dai yadda yake, Malam. A hankali."