Ari Gardi da Gidan da Ya Gina wa Kura

Ina jiƙa fata da hantsi Fanna ta aiko ƙanenta ya gaya mini mijinta, Ari Gardi, ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na wanke hannu na nufi Zango.

Gardawa dai an san su, yau Mirriya, gobe Tasawa, kura a gaba, macizai cikin gora. Haka Ari ya tashi, har ranar da wani falke daga Gadamas ya ba shi labarin ƙasar Masko, can bayan Santambul. Wai an gina wa masu wasa da dawaki gidan katako mai rufi, sun daina yawo, jama'a ke zuwa wurinsu. Ari ya ce shi ma ƙafarsa ta gaji. Ya kwaɓa ƙasa da hannunsa, ya kewaye fili a bayan Zango, ya ja dakalin zama.

Na ce, "Ari, ina ka taɓa ganin gardi da gida?"

Ya ce, "Kai majemi, warinku ma an ba shi unguwa, sai kurata za a hana?"

Da farko wurin ba masaka tsinke. Sannu a hankali kurar ta zama maƙwabciya. Yara suka raɗa mata suna, masu tallan fura suka daina waiwaye. Gardawa 'yan'uwansa suka ce ya bar ta da yunwa ta yi zafi, mutane za su dawo. Ya ƙi. "Dabbar da ta amince da ni ba zan cuce ta don a tafa mini ba." Kullum yakan share filin, ya kaɗa ganga, ya yi wasansa cikakke, ko da 'yan kallon ni ne da wani makaho.

Yanzu tun ba a share makoki ba, masu raƙuma sun fara auna filin da ƙafa, suna son mai da shi masaukin raƙumansu. Ɗansa Bukar ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, ya ce ba ya gadon wannan. Kurar kuwa ba ta cin abinci sai daga hannun Ari. Na miƙa mata ƙashi, ta juya mini baya.

Fanna ta ce, "Yaya, ya za mu yi da ita?" Na san abin da ya sa ta tsallake kowa ta tambayi majemi. Kurar da ba ta da mai ciyar da ita, fatarta ce kawai ta rage, fata kuwa aikina ce.

Allah Ya jiƙan Ari, Ya yi masa rahama kamar yadda ya tausaya wa abin da ke hannunsa. Allah Ya ba Fanna haƙuri, Ya dawo mata da Bukar lafiya. Amin.