Ƙasar da Ta Wanke Maƙwabcin Kawuna

Shekarun baya, ina jami'a ina karatun kimiyyar ƙasa da ruwa, kawuna ya kusa rabuwa da amininsa na shekara ashirin saboda salati.

Garkunansu na jere a bakin kogi can Harobanda, darni kawai ya raba, kowa da rijiyarsa. Kafin shuka suka fesa maganin haki iri ɗaya, rana ɗaya. Sai salatin kawu ya dinga yin rawaya yana kwantawa, na maƙwabcin, wato aminin nasa, dattijo Bazabarme, kore shar. Kawu ya yanke hukunci: "Hannu aka sa mini. Wa ke shiga garkar nan in ba shi ba?" Ya daina amsa gaisuwarsa.

Ni kuwa lokacin kaina na rawa, gani nake ba abin da ban sani ba. Na ce zan gano dalili. Kawu ya ce, "To likitan ƙasa, bisimilla."

Na ɗebi ƙasar garkunan biyu na kai wa malamata a labo, ɗakin gwaje-gwaje, na fara zuba mata manyan kalmomin Faransanci. Ta ce, "Ajiye littafin nan. Jiƙa ka murza." Ta kawu ta watse a hannuna, yashi ne zalla. Ta maƙwabcin ja ce, mai danƙo.

Muka yanke gorunan roba biyu, muka cika kowace da ƙasa guda, muka zuba ruwa mai magani daidai wa daida, muka tari abin da ya ɗigo. Duka garau, har kana sha'awar sha. Da shi muka yi ta ban ruwa ga wake a gwangwani biyu, kowanne da nasa ruwan. Bayan kwana goma, waken ruwan yashi ya ƙanƙance ya yi fari fat, ɗayan ya miƙe abinsa.

Malamata ta ce, "Ƙwayar laka ido ba ya ganinta, amma kowace tana damƙe maganin a jikinta. Jan da ka gani ƙarfe ne, shi ma yana riƙewa, har ƙananan halittun ƙasa su cinye shi. Yashi kuwa rariya ne."

Ƙasar da nake takawa tun ina yaro, ashe aiki take yi shiru. Maganin kawu ya ratsa yashi ya sauka rijiyarsa, shi kuma kullum safe yana janyo shi da guga yana shayar da salatinsa.

Na ajiye masa gwangwanayen na yi bayani. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ke nan da hannuna na kashe shi?" Ya tashi ya tsallake darni, ya tsaya gaban dattijon, ya gaishe shi da yarensu, ya ce, "Fofo." Dattijon ya miƙa masa gugarsa, ya ce, "Ɗebi a tawa, salatinka na jin ƙishi."

Har yau in na ga jar laka sai na duƙa na murza, ina jin nauyinta kamar ina gaban babba. Na tafi labo don in nuna na iya, hannu ɗaya na ƙasa ya zaunar da ni, ya kuma mayar wa kawuna amininsa.