Na Gyara wa 'Yata Kiɗan da Ba Shi da Kuskure

A tsakiyar shekarun 2000 ni tela ce, ina ɗinki a gidanmu da ke McLeansville, gabas da Greensboro a Amurka, ban daɗe da fita takaba ba. Karatuna bai wuce firamare a Maraɗi ba. Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, shi ya yi lakwal, wato boko, mai zurfi, shi kuma ya sa 'yarmu koyon biyolin, wato gogen Turawa, duk da surutun mutanenmu.

Bayan rasuwarsa yarinyar ta daina zuwa wurin malamarta, don ni ban iya tuƙi ba. Ita kaɗai take shirin gwajin shiga sashen kiɗa na jami'a. Ta zaɓi wani tsohon kiɗan Faransa mai sanyi da babanta yake sawa a mota. In tana gogawa sai in ji ta ja wani sauti ta gajarta na bayansa, wani wurin ta ɗan tsaya kamar mai haɗiye kuka. Na leƙa takardar kiɗan, na ga ɗigo-ɗigon da ake rubuta sauti da su a jere, girmansu ɗaya. Ni kuwa a sana'ata, ɗinkin da bai tafi daidai ba warware shi ake yi. Na ce mata kiɗanta yana ɗingishi. Ta amsa mini da Turanci cewa haka aka koya mata. Na ce ko ban yi boko ba ina da ido. Na sayo ɗan agogon nan mai ƙas-ƙas da makaɗa ke auna lokaci da shi, na sa ta bi shi kullum. Ba ta yi musu ba. Tun rasuwar ba ta musu da ni a komai.

Ranar gwaji ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ba a ɗauke ta ba. Malamar ta zo har gida, ta saurare ta, ta tambaya cikin raha wa ya mayar mata da ɗaliba keken ɗinki. Na ce ni ce. Sai ta bar dariya, ta bayyana mini cewa Faransawan wancan zamanin da gangan suke rubuta sautukan daidai, su bar wa makaɗi ya ja wannan ya rage wancan, yadda mai magana yake numfashi. A zaune a wurin na san ba takardar ce ta dame ni ba. In ta goga shi yadda ya kamata, babanta nake tunowa, shi ne ba na iya jurewa.

Na koyi tuƙi, na riƙa kai ta darasi ina jiranta a mota. Da shekara ta zagayo aka ɗauke ta.

Iyaye 'yan'uwana, kafin ku ce yaro ya yi kuskure a abin da ba ku karanta ba, ku tambayi wanda ya sani, ku kuma bincika ko naku ciwon ne yake magana. Har yau in ta fara wannan kiɗan nakan tashi in fita. Amma ban ƙara cewa ta gyara ba.